William Gladstone: Mutumin da ya ɗora wa majalisa aikin bin sawun kuɗin gwamnati

Duk lokacin da aka gayyaci babban sakataren wata ma'aikata gaban kwamitin majalisa a Abuja ko Accra ko Landan, aka tsare shi da tambayar inda ya kai kuɗin da aka ware masa, ana bin wata al'ada ce da ta haura shekara 160 da kafuwa.

Wanda ya fi kowa hannu a kafa ta shi ne William Ewart Gladstone, ɗan siyasar Birtaniya da ya shafe sama da shekara 60 a majalisa. Ya riƙe muƙamin Firaminista sau huɗu, ya kuma riƙe na Ministan Kuɗi sau huɗu.

An fi tuna shi da manyan muƙaman nan da kuma dogayen jawabansa. Amma aikinsa da ya fi daɗewa yana amfani ba shi da wani armashi a ido: kwamiti ɗaya, doka ɗaya da ofishin mai binciken kuɗi ɗaya. Da su ne ya tabbatar da cewa aikin majalisa ba ya ƙarewa a ranar da ta amince da kasafin kuɗi.

Ɗan attajiri mai gonakin bayi

An haifi Gladstone ranar 29 ga Disamba, 1809, a birnin Liverpool. Mahaifinsa, John Gladstone, hamshaƙin ɗan kasuwa ne ɗan asalin Scotland. Wani babban ɓangare na dukiyarsa ya fito ne daga gonaki a Jamaica da Demerara, yankin da ke cikin ƙasar Guyana a yau, inda bayi 'yan asalin Afirka ke noma masa rake. A ɗaya daga cikin gonakinsa ne babban boren bayi na Demerara ya faro a 1823.

Da wannan dukiya aka tura William makarantar Eton, sannan Jami'ar Oxford, inda ya fita da sakamako mafi daraja a fannin lissafi da na tsoffin harsunan Girka da Rum a 1831. A ƙarshen 1832 ya shiga majalisa yana wakiltar garin Newark a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, da ɗaurin gindin wani basarake da ke juya siyasar garin.

Ɗaya daga cikin jawabansa na farko a 1833 na kare mahaifinsa ne daga zargin azabtar da bayi. A shekarar ce majalisa ta zartar da dokar 'yanta bayi a yawancin ƙasashen da Birtaniya ke mulka, ta kuma ware fam miliyan 20 na diyya. Iyayen gidan bayin aka biya, su kuwa bayin ko kwabo ba su samu ba. John Gladstone ya karɓi fiye da fam 100,000 a kan bayi kusan 2,500.

Daga baya William ya riƙa yin Allah wadai da bauta, amma tabon bai goge ba. A watan Agustan 2023 wasu daga cikin zuriyar gidan suka je Guyana suka nemi gafara a bainar jama'a.

Inda ya koyi lissafin gwamnati

Gladstone ya so a ba shi babban muƙami lokacin da Robert Peel ya kafa gwamnati a 1841. Sai aka tura shi ma'aikatar ciniki a matsayin mataimaki. Bai ji daɗi ba da farko, amma a nan ya koyi abin da ya zama sana'arsa. Ya zauna ya bi jerin ɗaruruwan kayayyakin da ake karɓar kuɗin fito a kansu ɗaya bayan ɗaya, yana tantance wanda ke kawo kuɗi da wanda wahalar karɓarsa ta fi ribarsa.

A 1843 ya zama shugaban ma'aikatar. A shekarar da ta biyo baya ya kawo dokar jiragen ƙasa ta 1844, wadda ta tilasta wa kamfanonin da ta shafa su riƙa fitar da aƙalla jirgi ɗaya a kowace rana mai tsayawa a kowace tasha, da wurin zama da rufi, a kan kuɗin da bai wuce kwabo ɗaya ba a kowane mil. Kafin nan, talaka kan yi tafiya ne a buɗaɗɗen tarago, ruwa da sanyi suna dukansa.

Lokacin da jam'iyyarsu ta dare biyu a 1846 kan soke harajin hatsin da ake shigowa da shi, Gladstone ya bi Peel. Wannan hanya ce ta kai shi daga ƙarshe cikin jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi, wadda ya zo ya jagoranta.

Daren da ya rusa kasafin Disraeli

A watan Disamban 1852, Ministan Kuɗi Benjamin Disraeli ya gabatar da kasafinsa. Bayan ya kammala kare shi cikin tsakar dare, Gladstone ya miƙe ya bi alƙaluman dalla-dalla yana warware su. Da aka kaɗa ƙuri'a kafin wayewar gari, gwamnati ta sha kaye da ratar ƙuri'a 19, ta kuma sauka. Daga nan gaba ta ƙullu tsakanin mutanen biyu har mutuwar Disraeli a 1881.

Gladstone ne ya gaji kujerar. Kasafinsa na farko, a watan Afrilun 1853, ya ɗauke shi kusan awa biyar yana bayani. Ya soke harajin sabulu, ya rage ko ya cire kuɗin fito a kan ɗimbin kayayyaki, ya kuma tsara yadda za a riƙa rage harajin kuɗin shiga har a daina karɓarsa a 1860.

Yaƙin Crimea da aka gwabza da Rasha ya wargaza wannan shiri. A 1854 ya ninka harajin daga kwabo 7 zuwa kwabo 14 a kowane fam, a zamanin da fam ɗaya ke da kwabo 240. Ya fifita ƙarin haraji a kan cin bashi, bisa hujjar cewa idan jama'a suna jin zafin kuɗin yaƙi a aljihunsu nan take, ba za su yi garajen shiga yaƙi ba, kuma ba za a bar wa jikoki bashi ba.

A 1854 ɗin ne kuma ya toshe wata babbar kafa. A da, hukumomin tara kuɗin shiga kamar kwastan kan cire kuɗin gudanar da ayyukansu tukuna, sannan su miƙa wa baitulmali abin da ya rage. Ke nan maƙudan kuɗi na fita ba tare da majalisa ta gani ba. Sabuwar dokar ta sa dole su ma su zo majalisa ta amince da abin da za su kashe.

Majalisar da ke ba da kuɗi ba ta tambaya

Tun ƙarni na 17 majalisar Ingila ta ƙwace ikon sanya haraji da ware kuɗi daga hannun sarki, bayan yaƙin basasa da juyin mulkin 1688. Amma ikon ya tsaya rabi. Majalisa kan amince a ba ma'aikata kaza kuɗi kaza domin aiki kaza, daga nan sai ta juya baya. Ba ta da tsayayyar hanyar sanin ko kuɗin ya tafi inda aka ce.

Akwai masu binciken kuɗi a lokacin, sai dai baitulmali suke yi wa aiki, kuma bincikensu kan yi shekaru a baya. An fara gwada kwatanta abin da aka ware da abin da aka kashe a rundunar sojan ruwa a 1832, aka faɗaɗa zuwa sojan ƙasa a 1846, amma yawancin ma'aikatun farar hula ba su shiga ba. Wani kwamitin majalisa ya ba da shawarar gyara a 1857. Shawarar ta zauna a takarda har Gladstone ya dawo ma'aikatar kuɗi a 1859.

Shekarar 1861 ce ta fi kowace muhimmanci a wannan aiki nasa.

Abu na farko shi ne rikicin harajin takarda. A 1860 ya nemi soke harajin, wanda ke sa jaridu da littattafai tsada. Majalisar Wakilai ta amince, amma Majalisar Masu Sarauta, wadda a lokacin yawancin 'ya'yanta gadon kujera suke yi, ta yi watsi da ƙudurin. A 1861 sai ya haɗa dukkan matakan haraji na shekarar cikin ƙuduri guda. Masu sarauta suka ga ko dai su amince da shi baki ɗaya, ko su hana gwamnati kuɗin gudanar da ƙasa. Suka amince. Jaridu suka ƙara araha, kuma aka kafa al'adar kawo harajin shekara cikin doka ɗaya.

Na biyu, ya kafa bankin ajiya na gidan waya, domin leburori da masu ƙaramin ƙarfi su samu amintaccen wurin adana 'yan kuɗaɗensu.

Na uku, ya gabatar da buƙatar kafa Kwamitin Binciken Asusun Gwamnati a Majalisar Wakilai. An kafa shi a 1861 ƙarƙashin Francis Baring, wani tsohon Ministan Kuɗi, kuma a 1862 aka shigar da shi cikin dokokin zaman majalisa ya zama na dindindin.

Dokar 1866

Kwamiti kaɗai ba zai iya ba. 'Yan majalisa ba akantoci ba ne, kuma ba su da lokacin bin dubban rasiɗai. Suna buƙatar ƙwararren da zai yi binciken ya kawo musu sakamako, wanda kuma ba ya tsoron minista.

Wannan gurbi ne dokar baitulmali da binciken kuɗi ta 1866 ta cike. Ta ƙirƙiro ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi, ta ba shi aiki biyu. Shi ne zai tabbatar ba a fitar da kuɗi daga babban asusun ƙasa ba sai da izinin majalisa. Shi ne kuma zai binciki lissafin da kowace ma'aikata za ta kawo a ƙarshen shekara, ya kai rahoto Majalisar Wakilai.

Domin kare shi daga matsin lamba, an tsara cewa ba za a iya tsige shi ba sai majalisun biyu sun nemi hakan, kuma albashinsa daga babban asusun ƙasa yake fita kai tsaye, ba sai gwamnati ta ga dama ba.

Da haka zagayen ya cika. Majalisa ta ware kuɗi, ma'aikata ta kashe, ta kawo lissafi, mai bincike ya duba, kwamiti ya kira jami'ai su yi bayani, baitulmali ya amsa shawarwarin kwamitin a rubuce. Daga 1872 aka ƙara da cewa kowace ma'aikata sai ta samu takamaiman babban jami'i da zai sa hannu a lissafinta, ya kuma amsa tambaya da bakinsa. Sannu a hankali al'ada ta kafu cewa ɗan adawa ne ke shugabantar kwamitin.

Tarkon ya kama na gida

Gwajin gaske ya zo ne lokacin da Gladstone ke Firaminista a karon farko, tsakanin 1868 da 1874.

Gwamnati ta sayi kamfanonin wayar tangaraho ta miƙa su ga gidan waya, aka ɗora wani haziƙin jami'i mai suna Frank Scudamore a kan aikin. Kuɗin da majalisa ta amince da su suka ƙare, aiki bai ƙare ba. Maimakon ya koma majalisa, sai Scudamore ya riƙa ɗiban kuɗin shigar gidan waya da na ajiyar jama'a da ke bankin gidan waya yana ci gaba da shimfiɗa layuka. Abin da ya kashe ta wannan hanya ya haura fam 800,000.

A 1873 Kwamitin Binciken Asusun Gwamnati ya fallasa lamarin. Ba a samu Scudamore da sa ko kwabo a aljihunsa ba, kuma layukan da ya shimfiɗa suna aiki. Laifin shi ne an kashe kuɗin jama'a ba da izinin wakilansu ba. Wani ɓangaren kuɗin ma daga bankin da Gladstone ya kafa da kansa aka ɗebo shi.

Abin kunyar ya girgiza gwamnati. Aka ɗauke Ministan Kuɗi Robert Lowe aka mayar da shi ma'aikatar cikin gida, ministan gidan waya William Monsell ya bar kujerarsa, Gladstone kuma ya haɗa muƙamin Ministan Kuɗi da na Firaminista. Tsarin da ya gina ya nuna bai san ubangida ba.

Gwamnatin nan ta yi wasu manyan gyare-gyare. Ta kafa dokar ilimin firamare ta 1870. A shekarar ta buɗe yawancin guraben aikin gwamnati ga jarrabawar gasa maimakon alfarma. Ta hana sayen muƙamin hafsan soja da kuɗi a 1871, ta kuma kawo ƙuri'ar sirri a 1872. Duk da haka ta faɗi zaɓen 1874, wanda Gladstone ya shiga da alƙawarin soke harajin kuɗin shiga.

Tsimi da iyakarsa

Tsimin Gladstone ya zama abin labari. Ya taɓa neman ma'aikatar harkokin waje ta rage amfani da takarda mai kauri a wasiƙun da ba su buƙace ta ba. A wani jawabi a Edinburgh a 1879 ya nuna cewa Ministan Kuɗin da ke jin kunyar tattalin guntayen kyandir saboda ƙasarsa bai cancanci kujerar ba. Ya sha yin sa-in-sa da Firaminista Palmerston kan kuɗin gina ganuwoyin tsaro a gaɓar teku don tsoron harin Faransa. Hatta lokacinsa lissafa shi yake yi: ya shafe kusan shekara 70 yana rubuta yadda ya yi amfani da kowane yini.

Aƙidarsa ita ce kuɗi ya fi albarka a aljihun mai shi, don haka gwamnati ta karɓi kaɗan ta kashe kaɗan. Masu sukarsa na cewa wannan aƙida ta bar talakawan biranen masana'antu cikin ƙazanta da cunkoso, ba fansho ba tallafin jinya, abubuwan da sai bayan mutuwarsa aka fara samar da su. Binciken da ya kafa ma ya fi damuwa da ko an bi ƙa'ida, bai cika tambayar ko jama'a sun amfana ba. Sai a 1983 aka yi dokar da ta ba mai binciken kuɗi na Birtaniya cikakken ikon duba ko aikin da aka yi ya kai kuɗin da aka kashe.

Tsimin bai hana gwamnatocinsa yaƙi a Afirka ba. A ƙarshen mulkinsa na farko ne sojojin Birtaniya suka ƙona Kumasi, a watan Fabrairun 1874, a yaƙin da Kyaftin John Glover ya jagoranci wata runduna mai ɗauke da sojojin Hausawa. A 1882 gwamnatinsa ta yi ruwan bama-bamai a Iskandariyya ta mamaye Masar, ƙasar da bashin Turawa ya yi wa katutu. Masana tarihi da suka duba takardunsa daga baya sun gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinsa a lokacin yana cikin takardun bashin da ke da alaƙa da Masar, kuma darajarsu ta tashi bayan mamayar. Mutumin da ya matsa wa kowa lamba kan lissafi bai ga wani aibu a wannan ba.

Daga Masar rikicin ya gangara Sudan. Dakarun Mahdi Muhammad Ahmad suka yi wa Janar Charles Gordon ƙawanya a Khartoum. Gladstone ya yi ta jan ƙafa wajen tura ɗauki, kuma rundunar ta isa kwana biyu bayan an kashe Gordon ranar 26 ga Janairu, 1885. Jama'a suka yi masa ca, Sarauniya Victoria, wadda dama ba ta ƙaunarsa, ta aika masa da saƙon zargi. A watan Yunin shekarar majalisa ta kayar da gwamnatinsa a kan kasafin kuɗi, saboda ƙarin harajin giya. Makamin da ya sari Disraeli da shi a 1852 ne ya dawo kansa.

Faɗan ƙarshe

Ya ƙarar da sauran ƙarfinsa wajen neman a ba Ireland majalisarta ta cikin gida. Ƙudurin farko ya faɗi a 1886 ya kuma raba jam'iyyarsa. Na biyu ya tsallake Majalisar Wakilai a 1893, amma Majalisar Masu Sarauta ta kashe shi da ƙuri'a 419 a kan 41.

Abin da ya kawo ƙarshen mulkinsa kuwa batun kuɗi ne. Rundunar sojan ruwa ta nemi ƙarin maƙudan kuɗi don ƙera sababbin jiragen yaƙi. Gladstone ya ƙi, yana ganin almubazzaranci ne da zai ingiza ƙasashen Turai cikin gasar makamai. Kusan dukkan ministocinsa suka juya masa baya. Ga tsufa, ga ido da kunne sun raunana. A watan Maris na 1894 ya yi murabus yana da shekara 84.

Ya koma gidansa na Hawarden a yankin Wales, inda ya zauna da matarsa Catherine, wadda ya aura a 1839 suka haifi 'ya'ya takwas. A can aka san shi da sare itatuwa da gatari don motsa jiki. Ya sadaukar da littattafansa kimanin 32,000 ga wani ɗakin karatu da ya kafa a ƙauyen, har yana tura wasu da kansa a baro. Ya rasu ranar 19 ga Mayu, 1898, aka binne shi a majami'ar Westminster da ke Landan.

Yadda tsarin ya iso Najeriya

A shekarar da aka kafa kwamitin, 1861, gwamnatin da Gladstone ke yi wa Ministan Kuɗi ta karɓe Legas daga hannun Oba Dosunmu. Mulkin mallakar da ya biyo baya bai ba 'yan ƙasa ikon tambayar yadda ake kashe harajinsu ba sai can wajen ƙarshensa. Amma da 'yanci ya zo, ƙasashe irin su Indiya da Ghana da Najeriya sun riƙe wannan tsari. Ƙasashen rainon Faransa kuwa, kamar Nijar, sun gaji wata hanya dabam, ta kotun binciken asusu irin wadda Napoleon ya kafa a 1807.

Ana ganin sawun dokar 1866 a kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 80 ya hana fitar da kuɗi daga babban asusun tarayya sai da izinin doka. Sashe na 85 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya zai miƙa rahotonsa ga majalisun biyu cikin kwana 90 da karɓar bayanan Akanta Janar, kuma kowace majalisa za ta miƙa rahoton ga kwamitinta na asusun gwamnati. Sashe na 87 ya ce ba za a cire shi ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Sashe na 125 ya tanadi irin wannan ofishi a kowace jiha.

Tsari ne da kowace gaɓa ke riƙe da 'yar'uwarta. Idan ma'aikata ta makara da lissafi, mai bincike zai makara. Idan rahoto ya iso bayan shekaru, jami'in da ya kamata a tambaya ya riga ya yi ritaya ko an sauya masa wurin aiki. Idan kwamiti ya gama zama ba wanda ya aiwatar da shawararsa, an koma zamanin da majalisa ke ba da kuɗi ta juya baya.

A 1873 tsarin ya yi aiki ne saboda an kawo lissafi, an duba shi, kwamiti ya faɗi abin da ya gani, kuma ministoci biyu sun bar kujerunsu, duk da cewa wanda ya kafa kwamitin ne ke shugabantar gwamnatin.